Matsalar Karkasa Mazhabobin Tauhidin Kirista a Tarihi

Idan aka tambayi ɗalibi a Zariya ko a Jos kashi nawa Kirista suka kasu, galibi zai ce biyu, watau Katolika da Furotesta. Idan kuwa aka kai tambayar zauren malamin da ya karanci Al-Milal wan-Nihal na Shaharastani, amsarsa ita ce uku: Malkaniyya da Nasɗuriyya da Ya'aƙubiyya. Abin mamaki shi ne babu suna ko guda da ya fito a duka lissafin biyu, alhali addini ɗaya ake magana a kansa. Ba kuwa za a ce ɗayansu ya yi ƙarya ba. Shaharastani ya rasu a 1153, fiye da shekara 350 kafin a ƙirƙiro kalmar Furotesta, kuma Kiristan da ya sani su ne na Iraƙi da Sham da Masar da ƙasar Rum. Shi kuwa ɗalibin nan, waɗanda ya gani su ne waɗanda suka iso ƙasar nan daga Turai da Amurka ta bakin teku. Kowannensu ya ƙirga abin da ake hangowa daga ƙofar gidansa ne.

Kalmar tauhidi a nan an yi amfani da ita kamar yadda Kirista masu jin Hausa suke amfani da ita in sun ce makarantar tauhidi, watau ilmin da ke bayani a kan Allah da Almasihu da hanyar ceto. Kalmar mazhaba kuma aro ce daga malaman Musulunci, kuma za a ga a gaba cewa aron yana da amfani fiye da yadda ake zato.

Masu lissafin farko

Waɗanda suka fara jera ɗarikun Kirista ba masu neman fahimta ba ne, masu gabatar da ƙara ne. Wajen shekara ta 375 Ififaniyus, bishop na Salamis a tsibirin Kubrus, ya rubuta littafin da ya kira Panariyon, ma'anarsa akwatin magani. A ganinsa kowace karkatacciyar koyarwa dafin maciji ce, shi kuma ya tanadi makarinta. Ya jera guda 80. Adadin nan ba daga bincike ya fito ba, daga wata aya ta Waƙar Sulemanu ya ɗauko shi, inda aka ambaci ƙwaraƙwarai tamanin a gefen amarya guda, wadda ya fassara da ikilisiya ta gaskiya. Da ya riga ya yanke adadin, sai ya zama dole ya cika shi, har ya shigar da mazhabobin falsafar Girka da ɗarikun Yahudawa waɗanda suka riga Kiristanci zuwa duniya. Agustin ya biyo baya a 428 da guda 88. Yohanna na Dimashƙa, wanda ya rayu ƙarƙashin daular Banu Umayya, ya kai nasa ɗari, ya kuma sa Musulunci a ƙarshen jerin, domin shi a wurinsa ba sabon addini ba ne, wani reshe ne da ya karkace.

Wannan hanya ta bar wa na baya gado iri biyu, kuma duk biyun suna ɓad da mai karatu. Na farko shi ne fara yanke adadi sa'an nan a nemo abin cikawa. Shaharastani ma ya ce Nasara sun rabu gida 72, adadin da ya zo a hadisi, amma da ya zo bayani uku ya tsaya a kansu, sauran sai ɗan ambato. Na biyu shi ne a ɗauki sunan mutum guda a liƙa wa al'umma, kamar dai shi ya ƙago musu addini. Wannan ɗabi'a ce ta sa Shaharastani, duk da zurfin iliminsa da adalcin da aka san shi da shi, ya ce Malkaniyya mabiyan wani mutum ne mai suna Malka da ya bayyana a ƙasar Rum. Ba a taɓa yin wannan mutum ba. Kalmar malka a harshen Suryani sarki take nufi, kuma abokan gāba ne suka kira su mutanen sarki don sun bi ra'ayin fadar Kustantiniyya. Har ila yau ya sa Nasɗur a zamanin Halifa Ma'amun, wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833, alhali Nasɗur ya rasu wajen 450.

Ma'aunin majalisu

Ma'aunin da ya fi yi wa mai nazarin tarihi amfani tambaya ce guda: a wace majalisa wannan ikilisiya ta tsaya? Tun daga ƙarni na 4, in gardama ta yi tsanani, sarkin Rum kan tara bishop-bishop su yanke magana. Waɗanda suka yarda da hukunci sukan ci gaba tare, waɗanda suka ƙi kuma su tsaya nan, su riƙe abin da aka yanke kafin ranar.

Ta farko ita ce ta Nikiya a 325, wadda Sarki Kustantin ya kira saboda Ariyus, wani limamin coci na Iskandariyya da ya ce Ɗa halitta ne, akwai lokacin da babu shi. Majalisa ta yanke cewa Ɗa da Uba zati ɗaya ne. Ta Kustantiniyya a 381 ta tabbatar da haka, ta kuma ƙara bayani a kan Ruhu Mai Tsarki. Mabiyan Ariyus sun daɗe a cikin ƙabilun Jamus da suka mamaye yammacin Turai, amma ikilisiyarsu ta ƙare, don haka ba a kan ba su gida a lissafin yau.

Rabuwar da ta dore ta faro ne daga tambaya ta gaba. In an ce Almasihu Allah ne kuma mutum ne, to yaya allahntaka da mutuntaka suka haɗu a cikinsa, abin da malaman Larabci suke kira lahutu da nasutu? Nasɗur, wanda ya zama bishop na Kustantiniyya a 428, ya ƙi a kira Maryamu Mahaifiyar Allah, ya ce a ce Mahaifiyar Almasihu, gudun kada a cuɗa ɗabi'un biyu. Kirilus na Iskandariyya ya ce wannan tsaga Almasihu ne gida biyu. A majalisar Afisa ta 431 aka tuɓe Nasɗur, daga baya aka kore shi zuwa Masar, can ya mutu. Shekara ashirin bayan haka, a Kalkidon a 451, aka yanke cewa Almasihu mutum ɗaya ne cikin ɗabi'a biyu, ba cuɗanya, ba rabuwa. Wannan karon magadan Kirilus ne suka ga an koma wa maganar Nasɗur ta bayan gida. Aka tuɓe Diyoskoros na Iskandariyya, amma yawancin Kibɗawan Masar suka tsaya bayansa, haka ma da yawa daga mutanen Sham, daga baya Armeniyawa suka bi, da Habashawa da Nubawa waɗanda shugabancinsu ke rataye da Iskandariyya.

Ga asalin ukun Shaharastani ke nan. Malkaniyya su ne waɗanda suka karɓi Kalkidon. Ya'aƙubiyya su ne waɗanda suka ƙi ta, an kuwa jingina su ga Yakubu Barada'i, wanda ya rasu a 578, bishop ɗin da ya yi ta yawo a ɓoye cikin tsummoki yana naɗa musu limamai sa'ad da hukuma ke farautarsu. Nasɗuriyya kuwa ita ce Ikilisiyar Gabas, ta ƙasar Farisa, wadda ke wajen daular Rum tun asali, ta kuma ayyana cin gashin kanta a 424, tun Nasɗur bai hau kujera ba. Bai taɓa taka ƙasarsu ba. Abin da ya haɗa su shi ne malami ɗaya, kuma da Sarki Zeno ya rufe makarantar Ruha a 489, malamanta suka ƙaura Nasibin, cikin ƙasar Farisa, da littattafansu. Wannan ikilisiya ce ta isa ƙasar Sin a 635, kamar yadda wani allon dutse da aka kafa a 781 ya shaida. Ita ce kuma ta ba Bagadaza Hunainu ɗan Ishaƙa, babban mai fassara littattafan likitancin Girka, wanda ya rasu a 873.

Da wannan ma'auni lissafi yakan fito sarai. Ikilisiyar Gabas ta tsaya a majalisa 2. Kibɗawa da Suryanawa da Armeniyawa da Habashawa sun tsaya a 3. Otodoks na Girka da Rasha da maƙwabtansu sun tsaya a 7, ta ƙarshe ita ce ta Nikiya ta biyu a 787, wadda ta halatta girmama hotuna. Katolika suna ƙirga 21, ta ƙarshe ita ce ta Batikan ta biyu, daga 1962 zuwa 1965. Rabuwar waɗannan biyu na ƙarshe akan ɗora ta a kan 1054, shekarar da wakilin Fafaroma da shugaban ikilisiyar Kustantiniyya suka yi wa juna tofin korarwa, a kan ikon Fafaroma da kuma kalma guda da mutanen Yamma suka ƙara a shahadar bangaskiya, cewa Ruhu yana fitowa daga Uba da kuma Ɗa. Masana tarihi dai sun fi ganin cewa wasoson da mayaƙan Yamma suka yi wa Kustantiniyya a 1204 shi ne ya yanke igiyar.

Furotesta ne suka fara ba wannan ma'auni wuya. Martin Luta ya fito da batutuwansa 95 a 1517, kuma bai jima ba ya ce majalisa ma tana iya kuskure, Littafi Mai Tsarki kaɗai ne alƙali. Saboda haka ba a iya auna su da yawan majalisu, sai da takardun shahada da kowane ɓangare ya rubuta wa kansa. Tun 1529, a Marburg, Luta da Zuwingili suka zauna a kan batutuwa 15, suka daidaita a kan 14, suka rabu a kan ɗaya, watau ko jikin Almasihu yana nan da gaske cikin gurasar Jibin Ubangiji. Daga nan Luta ya yi gidansa, mutanen Suwizalan suka yi nasu, wanda Jon Kalbin ya tsara masa littafi a 1536. Gida na uku shi ne na masu sake baftisma, waɗanda suka ɓullo a Zurik a 1525 suna cewa ba a yi wa jariri baftisma, kuma Katolika da Furotesta suka haɗu wajen karkashe su. Na huɗu shi ne na Ingila, wanda dokar majalisar ƙasa ta 1534 ta raba da Roma.

Inda ma'aunin ya gaza

Duk abin da aka faɗa zuwa nan ikilisiyoyi ya karkasa, watau wa ke salla da wa, wa ke bin shugabancin wa. Bai karkasa tunani ba. Nan ne aron kalmar mazhaba zai yi aikinsa. Malami a ƙasar Hausa yakan zama Bamalike a fiƙihu, Ba'ash'are a aƙida, Baƙadire ko Batijjane a ɗariƙa, kuma babu wanda zai ce waɗannan sunaye uku a layi ɗaya suke. Wanda ya jera Malikiyya da Ash'ariyya da Tijjaniyya a matsayin ɗariku uku masu kishiyantar juna, ɗalibin zaure ma zai yi masa dariya. Amma irin wannan jeri ne akan gani a littattafai da yawa game da Kirista, inda za a sa Katolika da Kalbiniyya da Fentikostal da tauhidin 'yanci a shafi guda, kamar amsoshin tambaya ɗaya ne.

A ɗauki hanyar karanta nassi. Tun ƙarni na 3 Iskandariyya ta shahara da neman ma'anar ɓoye a bayan lafazi, babban malaminta kuwa shi ne Orijin. Antakiya ta fi riƙe zahirin lafazi da tarihin da ya kewaye shi, jagoranta shi ne Tiyodor na Mobsuwestiya, wanda ya rasu a 428, shi ne kuma malamin nan da ya haɗa Nasɗur da Ikilisiyar Gabas, inda ake kiransa Mai Tafsiri kawai. Rigimar Afisa da ta Kalkidon, a wani fanni, rigimar waɗannan makarantu biyu ce. To amma ba su zauna cikin iyakar ikilisiyoyi ba. Yohanna Mai Bakin Zinariya abokin karatun Tiyodor ne, ɗan Antakiya tsantsa, ga shi kuwa Kibɗawa, magadan Iskandariyya, suna girmama shi a matsayin waliyyi. A zamanin Sarki Jastiniyan kuma, a tsakiyar ƙarni na 6, an la'anci Orijin an la'anci Tiyodor, dukansu sun daɗe a kabari, amma aka ci gaba da aiki da hanyoyinsu biyu.

Misalin da ya fi kowanne fito da matsalar fili shi ne na ƙaddara da zaɓin ɗan Adam, gardamar da ɗaliban ilmin kalam suka sani tsakanin Jabariyya da Ƙadariyya. A Kiristanci ta faro ne tsakanin Agustin, bishop na Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya, da Filajiyus, wani mai zuhudu daga Birtaniya. Agustin ya ce ɗan Adam ba ya iya ko da nufin alheri sai alherin Allah ya riga shi, kuma Allah ne ke zaɓen wanda zai cece shi. An hukunta Filajiyus, amma tambayar ba ta mutu ba, sai ta riƙa tsaga kowane gida daga ciki. A cikin Katolika, 'yan Dominikan suka kama gefen Agustin da Toma Akwinas, 'yan Jesuwit suka bi Luwis Molina, wanda littafinsa na 1588 ya faɗaɗa wa zaɓin mutum wuri. Fadar Fafaroma ta yi kusan shekara goma tana sauraron ɓangarorin biyu, a 1607 ta sallame su ba tare da hukunci ba, sai dai ta hana kowannensu kiran ɗan'uwansa mai bidi'a. A cikin gidan Kalbin, mabiyan Arminiyus suka tayar da ita, majalisar Dort ta 1618 zuwa 1619 ta kore su. A cikin Metodis kuma ita ce ta raba Jon Wesli da abokinsa Joj Witfil wajen 1740. Sakamakon haka, a kan wannan mas'ala Badominike ya fi kusa da Bakalbine fiye da yadda yake kusa da Bajesuwite, wanda suke karɓar jibi a bagade ɗaya. Taswirar da ta sa Katolika a dama, Furotesta a hagu, ba ta da inda za ta nuna wannan.

Daga ƙarni na 19 sai wani layin ya sake ratsawa, a kan yadda za a fuskanci kimiyya da binciken tarihin nassi. Shilayamaka a Jamus ya kafa addini a kan abin da zuciya ke ji na dogara ga Allah. Masu riƙon tushe a Amurka suka mayar da martani da jerin ƙasidu daga 1910 zuwa 1915, Karl Bart kuma ya mayar da nasa daban a sharhinsa na Wasiƙar Romawa a 1919. Farkawar Fentikostal ta titin Azusa a 1906 ta haifi ikilisiyoyinta, amma a 1967 ta shiga cikin Katolika kanta ba tare da ta fitar da kowa daga ciki ba, don haka ta fi kama da ɗariƙa a kan mazhaba. Afirka ma ta sami rabonta. Byang Kato, ɗan Kwoi a kudancin Kaduna, ya buga littafi a 1975, shekarar da ya rasu, yana sukar Jon Mbiti na Kenya da Bolaji Idowu na Nijeriya a kan matsayin da suka ba addinin gargajiya. Dukansu uku Furotesta ne, kuma sanin haka bai gaya wa kowa komai ba game da abin da ya raba su.

Siffar itace mai rassa, wadda aka fi so a littattafan makaranta, tana da wani aibin kuma: reshen itace ba ya komawa ya manne da ɗan'uwansa, na ikilisiya kuwa yana komawa. Wani ɓangare na Ikilisiyar Gabas ya haɗe da Roma a 1553, su ne Kaldiyawa. Wani ɓangare na Malkaniyyar Antakiya ya yi haka a 1724, kuma su ne suka gāji sunan Malkaniyya a yau. A kudancin Indiya, Angilikan da Metodis da wasu magadan Kalbin suka narke suka zama ikilisiya ɗaya a 1947.

Nauyin suna

Wani zai ce ai wannan duk aikin masu tsara kundin laburare ne. Ba haka ba ne, domin sunan da aka liƙa wa mutane hukunci ne a kansu. Shekara fiye da 1,500 ana kiran Kibɗawa da Habashawa masu ɗabi'a ɗaya, da nufin sun ce mutuntakar Almasihu ta narke ta ɓace. Su kuwa sun la'anci wannan ra'ayi tun da daɗewa, abin da suke cewa shi ne ɗabi'a ɗaya haɗaɗɗiya daga biyu, kowacce cikakkiya. Sunan da Habashawa suka zaɓa wa ikilisiyarsu shi ne Tewahido, watau wadda aka ɗayanta, daga saiwa ɗaya da kalmar tauhidi. Shi ma Nasɗur, littafin da ya rubuta a gudun hijira ya ɓace sai a ƙarshen ƙarni na 19 aka gano fassararsa ta Suryani, aka buga a 1910, sai ga shi yana ganin wasiƙar Fafaroma Liyo, wadda aka gina Kalkidon a kanta, ra'ayinsa ce ta faɗa. A 1973 Fafaroma Bulus na 6 da Shenuda na 3 na Kibɗawa suka sa hannu a takardar da ta furta bangaskiya ɗaya game da Almasihu. A 1994 Yohanna Bulus na 2 ya yi irin wannan da Mar Dinka na 4 na Ikilisiyar Gabas. A 1999 kuma, a Ogsburg, Katolika da Tarayyar Luta ta Duniya suka daidaita a kan tushen koyarwar barata ta wurin bangaskiya. Ko ɗaya daga cikin takardun nan bai haɗe ikilisiyoyin ba. Abin da ya rage tsakaninsu yawancinsa na shugabanci ne da al'ada da tsohon miki, kuma wannan kansa hujja ce cewa layin ikilisiya daban, layin tauhidi daban.

Arewacin Nijeriya ya ƙara wa matsalar wani ma'auni nasa, na wace mishan ce ta fara isa wane gari. Ƙungiyoyin da suka fi aiki a nan, S.I.M. da ta faro a 1893 da S.U.M. da ta kafa zango a Wase a 1904, ba na ɗariƙa guda ba ne, taron masu wa'azi ne daga gidaje dabam-dabam. Saboda haka mutumin Numan ya zama mabiyin Luta don 'yan Denmak ne suka iso can a 1913, Tibi ya zama mabiyin Kalbin don Turawan Afirka ta Kudu ne suka je masa a 1911, mutumin Garkida kuma ya gāji masu sake baftisma ta hannun 'Yan'uwa da suka zo daga Amurka a 1923. A 1955 waɗannan gidaje, waɗanda kakanninsu suka kasa daidaitawa a Marburg da Zurik, suka shiga tarayya ɗaya mai sunan Hausa, wadda daga baya aka sani da Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Nijeriya, suka kuma haɗa hannu a kwalejin tauhidi guda da ke Bukuru. Ƙungiyar Kiristocin Nijeriya, wadda aka kafa a 1976, ta karkasa 'ya'yanta rukuni biyar: Katolika, da Majalisar Kirista mai ɗauke da tsofaffin ikilisiyoyin Furotesta irin su Angilikan da Metodis, da Fentikostal, da ikilisiyoyin da 'yan Afirka suka kafa da kansu, sai na biyar da ya haɗa Tarayyar nan da E.C.W.A., wadda S.I.M. ta haifa a 1954. A cikin rukunin nan na biyar akwai masu yayyafa wa jariri ruwa, akwai masu jiran mutum ya girma su nutsar da shi sau ɗaya, akwai kuma masu nutsar da shi sau uku.